Sojan Wasa a Gidan Rawar Odessa

A shekarar da yaƙi ya kwashe samarin Kansas City, gidan rawar Odessa ya fara wasan la'asar ranar Lahadi saboda sojojin da ke hutu. Wasan barkwanci ne da kiɗan jaz, a kan wani kofur malalaci da bai san ƙafar hagu da ta dama ba. Cleophus Tate ne mai ganga.

Mai fitowa a kofur ɗin ɗansa ne, Lemuel, kuma shi sojan gaske ne. Ya gudo daga sansanin horo na kudu bayan an yi wa abokinsa dukan da bai tashi ba. Odessa, mai gidan kuma mawaƙiyarsa, ita ta kawo dabarar. Ta ce ba mai neman gudajjen soja a cikin kayan sojan wasa, ta lafta masa farar hoda, ta ba shi wando kamar buhu. Cleophus bai so ba, amma ba shi da inda zai kai yaron.

Ran nan ana tsakiyar wasa 'yan sandan soja biyu suka shigo. Ɗayansu, mai muƙamin saje, ya zauna a teburin gaba. Na biyun ya zagaya ya jingina da labulen da 'yan wasa ke fita ta cikinsa. Cleophus ya gan su, ya ci gaba da kiɗa.

Odessa ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai Kofur, yaƙi aka turo ka ko barci?"

"Ranki ya daɗe, barcin nake yaƙa, shi ne dai ya fi ni makamai."

Zauren ya kece da dariya. Sajen ya fi kowa, har yana dukan tebur, sai dai idonsa bai bar ƙafafun yaron ba.

Al'adar gidan ce in akwai sojoji a rufe da taken ƙasa, kuma kullum Odessa kan tura Lemuel bayan labule kafin a fara. Yau akwai mutum a bakin labulen. Cleophus ya ga babu mafita: in yaron ya yi shirme ana taken, sojojin nan za su yi masa rubdugu, in kuwa ya tsaya, jikinsa ya san irin tsayuwar da aka koya masa.

"Baba mai ganga, a ba mu taken mana, aiki na jiranmu," in ji Sajen.

Cleophus ya kaɗa. Kowa ya miƙe. Dugadugan Lemuel suka haɗu da ƙara, bayansa ya miƙe sambal, hannu ya tafi goshi bai karkace ko kaɗan ba. Sai a tsakiyar taken yaron ya gane abin da ya yi. Ya juyo da ido wajen ubansa, amma bai iya sauke hannun ba.

Da aka gama, Sajen ya tako har gaban ganga. Ya yaba kiɗan, ya ce shi ma ubansa makaɗi ne a coci. Sannan ya tambaya a hankali ko a wane gidan rawa ake koyar da irin wannan ƙamewa.

"Ɗana ne, Saje," in ji Cleophus.

"Na sani, Baba. Kunnuwanku iri ɗaya ne."

Sajen ya ce ba zai kunyata dattijo a gaban jama'a ba, zai jira sai zauren ya watse kafin ya tafi da yaron. Ya koma kujerarsa ya nemi a kawo masa kofi.

Cleophus ya yi wa masu busa alama, suka saki kiɗan rawa mai zafi don kada zauren ya watse. Odessa ta sauka tana jawo mutane fili ɗaya bayan ɗaya, tana tsokanar masu nauyin ƙafa. Lemuel na zaune a gefen dandali, gumi na yanka hodar fuskarsa. Daga wannan kiɗa Cleophus ya faɗa wani ba hutu, kafaɗunsa na ci da wuta.

Amma sojojin suna da jirgin ƙasa da za su kama. Suka fara ɗaukar hulunansu, biyu-biyu, uku-uku, 'yan matansu na biye. Wata tsohuwa da mijinta ne suka rage a fili suna jujjuyawa a hankali, Cleophus ya rage saurin kiɗan don kada su gaji. Can tsohon ya dafa gwiwarsa, ya ce wa matar ta ɗauko jakarta.