Hutun da Suka Tara

Ɗakin masu duba rubutu shi ne na ƙarshe a maɗaba'ar, bayan ɗakin injuna. Tebur ɗaya, kujera biyu, da taga mai kallon katanga. Mutum biyu suka yi kusan shekara talatin a cikinsa. Ɗaya yana karanta rubutun marubuci da ƙarfi, har waƙafi da aya sai ya faɗa, shi ya sa ake ce masa Rediyo. Ɗayan yana bin shafin da aka buga da ido, yana zagaye kuskure. Shi ne Jan Biro.

Da can su shida ne a ɗakin. Mutum uku na karatu lokaci guda, injuna na ruri a bayan bango, kowa na ɗaga murya kamar kasuwa. Jan Biro yakan koma gida da warin tawada a riga, matarsa ta ce ya tuɓe tun daga bakin ƙofa. Huɗu sun tafi, ba a kawo madadinsu ba. Matar ma ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa.

Hutun shekara kuwa ba sa zuwa. In Rediyo ya tafi, sai a turo wa Jan Biro wani daga ɗakin injuna ya yi ta zuba karatu kamar ana korarsa. In Jan Biro ya tafi, Rediyo ya yini yana karanta wa mai gyangyaɗi. Su tafi tare kuma, tsohon manaja ya ce sai dai a rufe maɗaba'ar. Sai suka bari, kwanaki suka yi ta taruwa ba wanda ya waiwaye su.

Sabuwar manaja ce ta waiwaya. Sa'ar 'ya'yansu ce. Ta shigo wata safiya, ta tsaya don babu kujera ta uku.

"Iyayena, kowa zai cinye hutunsa. An daina tarawa. Mutum ba inji ba ne."

"Injin ma ba ya hutu a gidan nan," in ji Jan Biro.

Ta yi dariya, ta dubi Rediyo. "Baba, kai ƙarshen shekara za ka yi ritaya. Hutun da ka tara ya kai har can. In ka fara ranar Litinin, ba sai ka dawo ba."

Ta fita. Rediyo ya gyara tabarau, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Littafi ne a kan cututtukan dabbobi, mai kauri kamar bulo, ko rabi ba su kai ba. Jan Biro ya bi layi uku bai ga ko harafi ba. Ya san da ritayar, ya kuma shirya mata: akwai sauran wata huɗu, za su gama littafin, ya saba da abin a hankali. Yanzu wata huɗun sun koma kwana huɗu.

Washegari Jan Biro bai gaya wa kowa ba ya hau bene, ofishin manaja.

"Ranki ya daɗe, hutu kyauta ne ko hukunci?"

"Haƙƙinsa ne, Baba."

"To mai haƙƙi ba ya iya yafewa?"

Ya yi mata bayanin littafin. Ya ce sunayen cututtukan nan, in ba bakin Rediyo ba, ba mai iya furta su. Bai ce mata gidansa shiru ne ba, bai ce muryar nan ce kaɗai yake ji daga safe zuwa yamma ba. Ta daɗe tana juya biro a hannu.

"In shi da bakinsa ya ce ya yafe, ya zauna har ƙarshen shekara. Amma shi zai faɗa."

Ya sauko da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Ya tarar da Rediyo yana kurɓar ruwan ɗumi, kamar yadda ya koma yi 'yan shekarun nan.

"Mutumina, an gama. Ka hau ka ce ka yafe, shi ke nan."

Rediyo ya ajiye kofin. "Wa ya aike ka?"

"Sai an aike ni?"

"Zauna, tsoho, kada ka faɗi a ce ni ne."

Ya zauna.

"Tafiya zan yi," in ji Rediyo. "Maƙogwaron nan ya gaji. In na koma gida ko sallamar jikokina da ƙyar nake amsawa, sun ɗauka ni mai fushi ne. Shekara talatin ina faɗin maganar wasu. Ina so in ga ko akwai sauran tawa."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Kai ma ba ka taɓa tambaya ba. Kullum kanka na kan takarda." Rediyo ya sake kurɓar ruwan. "Na so hutun nan tun tuni. In na tuna wanda za a kawo maka, sai in fasa."

Jan Biro ya dubi katangar da ke bayan taga. Shi bai taɓa son hutun ba ko sau ɗaya, ya kuma ɗauka haka abin yake ga su biyun.

"Littafin fa?"

"Shanu za su ci gaba da ciwo ko da mu ko ba mu. Gidana kuma ba a ƙaura da shi ba. Ka zo, amma kada ka zo min da takarda."

Jan Biro ya tashi, ya sake hawa benen, wannan karon yana dafa bango. Manaja ta ɗago kai.

"Ya yafe?"

"Bai yafe ba. Litinin zai fara."

"To. Kai fa, Baba? Naka ya fi nasa yawa."

Ya tsaya riƙe da ƙofa. "Ki nemo wanda zai yi min karatu, mai haƙuri, ba mai gudu ba. In ya iya zama a kujerar, sai ki sa min mako biyu. Zan gwada."