Baba Ciwon-Kai

"Me ke damunki?" Likita ya tambaya, muryarsa har ƙarshen layi.

Ɗalibar ta saci kallon ƙofa. A wangale take, an tokare ta da kujera saboda zafi, ga samari cike da benci sun baza kunnuwa.

"Ciwon kai," ta ce.

Ya rubuta mata farasitamol, ta rusuna ta yi godiya. Haka asibitin jami'ar yake kullum: ciwon kai, godiya, na gaba ya shigo. Shi kuwa bawan Allah, har zuciyarsa gani yake duk duniya babu likitan da ɗalibai ke jin daɗinsa kamarsa.

*

Da yamma yana cin abinci yana yi wa matarsa alfahari. "Ni fa ba a taɓa kai ƙarata ba. Yaran nan lafiyarsu lau, karatu ne kawai ke fasa musu kai."

Auta, 'yarsa da ke aji biyu a jami'ar, ta tuntsire da dariya. Sai dariyar ta katse, ta dafe mara ta dunƙule.

"Ke, tun yaushe?" uwar ta riƙo ta.

"Tun farkon zango."

"Kina da uba likita?" ya daka mata tsawa. "Me ya hana ki zuwa?"

"Na zo ai, Baba. Farasitamol ka ba ni."

Cokalin ya tsaya masa a hannu. Ya tuna. Har godiya ta yi.

"A gida kunyarka nake ji, a can kuma kunyar 'yan layi. Wa zai faɗi ciwonsa duniya na saurare? Duk haka muke yi, sai mu wuce kemis. Sunanka ma a makaranta Baba Ciwon-Kai."

"Ikon Allah," in ji uwar, "ashe har sarauta aka naɗa ka."

Bai yi dariya ba. Makullin mota ya ɗauka, ya kai Auta wurin wata likita abokiyar aikinsa. Allah ya taimaka, ciwon bai yi nisa ba.

*

Washegari ɗakinsa na asibiti ya zama tanda, don ya rufe ƙofar ruf. Layi ya ƙi tafiya, a waje ana ta tsaki, yana ji.

Wani dogon saurayi ya shigo ya zauna a bakin kujera, yana murza hularsa. Likita ya ajiye biro, ya tsaya jiransa, gumi na bin wuyansa.

Can yaron ya fara magana, ƙasa-ƙasa, har sai da Likita ya jawo kujerarsa kusa.