Neman Afuwa a Shirin Hantsi

Tana cikin warware igiyar abin sauraro da ta harɗe da ƙafar kujera Darakta ya leƙo ɗakin watsa shirye-shirye, ya yafito ta da hannu. Anti, kamar yadda kowa ke kiranta a gidan rediyon, daga masu shara har masu bugo waya, ta bi shi baranda.

"Baƙinki sun iso," in ji shi. "Kin san gobe majalisa za ta kaɗa ƙuri'a a kan kuɗinmu."

"Na sani, Baba. Ai a kansa za mu yi shirin."

Baba take ce masa, domin aminin mahaifinta ne. Shi ya ɗauke ta aiki, shi ya koya mata yadda ake numfashi a gaban makirufo ba tare da mai sauraro ya ji ba.

"Shugaban kwamitin kasafi bai nemi wani abu mai yawa ba. Ki ce akwai kuskure a rahoton gada, gidan nan yana neman afuwa. Shi ke nan, sai ya janye batun yanke kuɗin."

A watan jiya ne ta yi rahoton. Gadar da ke mazaɓar shugaban kwamitin ta karye damina ɗaya da buɗe ta, har an koma tsallakar da masu naƙuda a kwalekwale.

"Ina kuskuren yake, Baba?"

"'Yata, ni ba kuskure nake nema ba, albashin mutane nake nema. Dubi Injiniya can, matarsa ta haifi tagwaye. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Wanda zai miƙe da tsayinsa ake gaya wa haka. Mu tun yaushe muke durƙushe?"

Ya duba agogo, ya juya.

Jar fitila ta kama. A damanta shugaban kwamiti ya cika kujera, turarensa ya cika ɗakin. A hagunta jagoran 'yan adawa yana juya biro. Ta bayan gilashi tana hango Injiniya a kan na'urorinsa, Darakta tsaye a bayansa ya harɗe hannuwa.

Ta gaishe da masu sauraro, ta gabatar da baƙi, ta jefa tambaya: ya kamata gwamnati ta ci gaba da riƙe rediyon jama'a?

"Ni magana ɗaya gare ni," in ji shugaban kwamiti. "Ba mai hankalin da zai sayi bulala da kuɗinsa ya miƙa wa wani ya zane shi. Ga asibitoci, ga makarantu, duk suna jira. Mai son surutu ya nemi talla kamar sauran tashoshi."

"Bulala?" Jagoran adawa ya yi dariya. "Wannan gidan ai mafici ne, fifita suke muku. Lokacin zaɓe jawabinku safe da yamma, mu kuwa ko tari muka yi sai an yanke. A rufe kawai, kowa ya huta."

"Masu sauraro, ku shaida," in ji Anti. "Yau ga abin da ya haɗa kan gwamnati da adawa. Ashe muna da amfani."

Injiniya ya toshe baki. Ya haɗa ta da mai kira na farko, wani tsoho mai muryar da ke yankewa.

"Anti, daga hayin kogi nake kira. A gaya wa manyan nan, tashoshin talla ba sa isowa nan. Ku kaɗai muke kamawa, ku ɗin ma sai an hau tudu. Kuna cika mu da jawabin manya, wannan gaskiyar mai adawa ce. Amma a wurinku muke jin ranar rigakafi da farashin taki. In an rufe ku, wa zai gaya mana?"

"Baba, an ji kokenka," in ji shugaban kwamiti da sauri. Ya juyo wajenta yana murmushi. "Ina jin kafin mu yi nisa akwai wata sanarwa da gidan nan ke son yi."

Ta ɗaga kai. Darakta ya matso har goshinsa ya kusa taɓa gilashi, yana gyaɗa mata kai a hankali. Ta ga furfurarsa, ta ga Injiniya ya sunkuyar da kai. Ta kurɓi ruwa.

"Haka ne, ranka ya daɗe, akwai neman afuwa. Jama'ar hayin kogi, ku yafe mana. Mun ba da labarin gadarku sau ɗaya muka yi shiru, alhali har yau a kwalekwale kuke. To ga wakilinku a gabana. Ranka ya daɗe, yaushe za a gyara gadar, kuma wa aka ba kwangilarta?"

Murmushin ya ɓace. "Ba wannan ya kawo ni ba."

"Kai ka ce kuɗinku ne. Ni a sanina harajin tsohon nan ne da ya hau tudu don ya kira mu. Shi ya saye ni, shi nake yi wa tambaya."

Jagoran adawa ya tafa hannu. "Madalla! Haka muke so!"

"Kada ka yi saurin tafi, ranka ya daɗe. Kamfanin da ya duba ingancin gadar ya sa hannu, an ce na ɗan jam'iyyarku ne. Kai ma ina zuwa kanka."

Biron ya daina juyawa. Ta ga Darakta ya dafa kafaɗar Injiniya, bakinsa na motsi. Kiɗa yake cewa a saka. Injiniya ya ɗage hannuwansa daga na'ura, ya tura kujerarsa baya, ya bar masa wurin. Darakta ya kai yatsa kan maɓalli. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun, ya sa a aljihu, ya fita.

Shugaban kwamiti ya cire abin sauraro ya dangwarar a tebur, ƙarar ta shiga kowace rediyo. Ya fice. Jagoran adawa ya zauna har ƙarshen shirin, yana ta kewaye-kewaye, gumi na bin wuyansa.

Bayan an rufe shiri ta sami Darakta a ofis, fanka na kaɗa takardun tebur.

"Shugaban kwamiti ya bugo," in ji shi, bai dube ta ba. "Ya ce ko ke ko kuɗin. Na ce masa za ki tafi hutu."

"Ban gaji ba, Baba. In korata za a yi, a kore ni a fili, a faɗa a labaran rana."

"Taurin kan ubanki kika ɗauko."

"Ina son mota zuwa hayin kogi. Na nemi afuwar mutanen can a iska, ba zan sake yin shiru ba."

"Babu mai a motar." Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko ƙaramin rikoda ya tura mata. "Ban gan ki ba. Kuma batirinsa ba ya daɗewa."

A tashar mota ta kira maigidanta ta ce ya ɗauko yara daga makaranta.

"Na ji shirin a shago," in ji shi. "Mu fara rage cefane ke nan?"

"Ka fara da naka shayin."

Ta samu wuri a kujerar baya ta bas, tsakanin wata mai buhun albasa da wani malamin makaranta. Tun kafin a tashi musu ya kaure a kan shirin hantsin. Direba ya rantse matar rediyon nan ba za ta kai gobe a wurin aiki ba. Malamin ya ce duk wasan kwaikwayo ne, da ita da su bakinsu ɗaya, gara a rufe gidan a sayi allunan aji. Mai albasa ta ce ita dai muryar ta yi mata kama da ta mace mai faɗa da miji. Anti ta gyara rikoda a cinyarta.

Kwandasta ya miƙo hannu ta saman kawuna. "Baiwar Allah, ina za ki sauka?"

"Bakin gada."

"Ai babu gada yanzu."

"Na sani," in ji ta. "Can ɗin zan sauka."