Takardar Jirgin Baba Badaru

"Ta fito, Baba! Wallahi ta fito!"

Raliya ta faɗo tsakar gidan hayar tana kaɗa takarda, takalminta ɗaya ya maƙale a bakin ƙofa. Maƙwabcinta Baba Badaru, tsohon mahaucin da ciwon zuciya ya kwantar tun bara, ya yunƙura daga tabarma.

"Karanta mini, 'yar nan. Da sunana a jiki?"

"Ga shi ɓaro-ɓaro, har da lambar jirgin!"

Ɗan ƙaramin jirgi ne marar matuƙi, mai kyamara, ɗansa ya aiko masa. Ranar da ya fara tada shi jami'ai suka zo, suka ce unguwarsu ta Agege na gindin filin jirgin sama, sai da rajista. Wata huɗu Raliya tana safa da marwa tsakanin gida da ofis a Ikeja, jikin Baba kuwa kullum baya yake yi. Har ta fara tsoron takardar ba za ta riske shi ba.

"Amma fa sun ce ba a nan ba, Baba. Sai nesa da filin jirgi."

"To me muke jira? A kira Yahuza direba ya kawo bas ɗinsa, danfo!"

Matarsa Furera ta riƙe baki. "Malam, likita fa ya ce..."

"Likitan ya taɓa tashi sama?"

Gida ya kaure da dariya. Kafin azahar danfo ta cika maƙil, har Iya Sikiratu mai sayar da amala ta rufe tukunya ta bi su. A wani fili bayan garin Ota aka zaunar da shi kan kujerar roba. Ya karɓi na'urar tuƙin haɗe da wayar da ke nuna hoton kyamarar, jirgin ya yi ƙugi ya ɗaga. Hularsa ta faɗi, bai ko kula ba.

"Oya, Baba, sama!" in ji Iya Sikiratu, tana tsalle.

Ya ƙura wa wayar ido. "Raliya, zo ki gani! Mu ne waɗannan? Kai! Ashe haka sanƙona ya ci, ba wanda ya gaya mini?"

Ya yi dariya har da hawaye, ya sauke jirgin da kansa.

A hanyar dawowa, cikin gosulon Abule Egba, ya jingina kai a kafaɗar Furera. Raliya ta ɗauka barci ne, sai da ta ji Furera tana "Inna lillahi" ƙasa-ƙasa, tana shafa masa idanu. Yahuza ya kashe rediyo. Jirgin na kan cinyar Baba, ɗanyar ciyawa maƙale a ƙafarsa.