Awar da Goggo Take Hucewa

Ranar Talata Manga ya ce ranar Asabar zai koma Lau. A tsaye ya faɗa, ko buhun da ke kafaɗarsa bai sauke ba.

"Oga, na gaji. Zan je gida."

Job ya dube shi. Shi ne mai injin casar shinkafar nan na Nukkai, gadon ubansa Tobiya. Manga kuwa tun zamanin uban yake wurin, shekara talatin da huɗu. Shi ne wanda in manomi ya kawo shanshera, shinkafar da ba a casa ba, zai ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya ce wannan ta bushe, wannan a mayar da ita rana kwana biyu. In babu haƙorin Manga, rabin shinkafar karyewa take yi a inji. A da Manga da sunansa yake kiransa, Job, gatsal, don ya goye shi a wuya yana yaro. Sai 'yan shekarun nan ya koma cewa Oga.

Mutum uku suka bar aikin cikin shekara guda, ba wanda ya faɗi dalili. Job ya ɗauka zamani ne, mutane sun daina son wahala.

A makon nan ne kuma 'yarsa Vivian ta dame shi. Digiri na biyu take yi a jami'a, wai bincike a kan jin daɗin ma'aikata a sana'ar gado. Job bai ga abin bincike a nan ba. Mutum yana da aiki, yana ci yana sha, me ya rage? Amma ya bar ta ta raba takardun tambayoyinta guda goma sha ɗaya. Da suka dawo ta shimfiɗa su a teburin ofis, kowa ya zaɓi "na gamsu ƙwarai" tun daga sama har ƙasa.

"To kin gani," in ji Job. "Ki kai wa malamin naki."

"Baba, dubi da kyau mana. Biro ɗaya ne, hannu ɗaya. In na kai wannan kora ta zai yi."

Aka kira Andrawus mai kula da inji, ya sosa ƙeya ya ce shi ya cike duka. Baba Manga ne ya tara su ya ce 'yar mai gida ce ta kawo takarda, kuma ba a kai wa 'ya ƙarar ubanta. A sa mata mai kyau ta ci jarrabawarta.

Vivian ta tattara takardun ta tura jaka. Da yamma Job ya hango ta zaune kan buhun dusa kusa da Manga, wayarta a tsakaninsu. Washegari ta ajiye masa wayar a tebur.

"Ban tambaye shi game da kai ba. Zamanin Kaka na tambaye shi. Ya ce in na ga dama in kunna maka."

Muryar tsohon ta fito a hankali, da Hausarsa ta mutanen bakin kogi.

"Injin Baba Tobiya, Goggo muke ce mata. Baƙa, mai shan gas, tana tari kamar mai mura. Ƙarfe ɗaya ana kashe ta, wai ta huce. Sai Baba ya ɗauki sifana ya shiga ƙarƙashi ya kwanta, ƙafafunsa kawai a waje. Mu kuma mu zauna mu kewaye ta da kwanukan abinci. Wanda abu ke damunsa sai ya gaya wa Goggo. Goggo, ƙaiƙayi ya cinye mini ido. Goggo, matata ta kusa haihuwa, ni kuma ina nan har magariba. Goggo, ki gaya wa wanda ke ƙarƙashinki jiya ya zage ni gaban manoma. Baba ba ya amsawa, ƙwanƙwasa ƙarfe kawai yake yi. Amma kafin kwana biyu za ka ga an sayo gilashin ido, ko an sallame ka da la'asar. Ni da ya zaga, kan rago ya aiko mini gida, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba."

Muryar Vivian ta tambaya ko injin yana lalacewa ne kullum.

Manga ya yi dariya har da tari. "Ina! Minti goma ya ishe ta hucewa. Goggo lafiyarta lau."

Job ya kashe wayar. Ya tuna ƙafafun nan sarai, cikin takalmin taya, dunduniya duk faso. A lokacin shi ke jan motar kai shinkafa kasuwa, yakan dawo da rana ya tarar inji a kashe, ubansa a ƙasa, ma'aikata suna cin tuwo suna surutu. In ya shigo sai su yi tsit. Haushi yake ji ba kaɗan ba, yana cewa a ransa tsoho yana kashe kansa a kan ruɓaɓɓen ƙarfe su kuma suna hira. Wata biyu da binne Tobiya ya kira masu sayen gwangwan suka kwance Goggo. Ya tuna Asta, matar da ke tankaɗe, ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, shi kuma yana mata tsiya. Ya kawo sabon inji da babban janareta, wanda ke aiki daga safe har yamma ba tsayawa, kowa ya ci abincinsa a tsaye in ya samu sarari. Shekara shida ke nan.

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"A gaya maka a ina, Baba?"

Ranar Alhamis, ƙarfe ɗaya daidai, Job ya je da kansa ya kashe janareta. Shirun ya sa kowa ya ɗago kai. Andrawus ya taho da gudu.

"Oga, me ya faru?"

"Ta yi zafi."

"Zafi? Wannan ai ba ta..."

"Na ce ta yi zafi. Ba ni sifana."

Sabon injin ba shi da ƙarƙashin kirki. Da ƙyar Job ya cusa kansa da kafaɗu, tumbinsa ya tokare, sauran jikin duk a waje. Ya fara ƙwanƙwasa ƙarfe. Ya ji takun ƙafafu, ya ji ana jan buhuna ana zama, ya ji an buɗe kwano. Kowa ya hau cin abincinsa. Gumi ya cika masa ido, ya fara zagin kansa a zuci.

Asta ce ta fara gyaran murya.

"Ke baƙuwa, ban san sunanki ba. Bayan gidan mata ba ƙofa tun damina. Ni tsohuwa ce, amma ina da kunya."

Aka yi 'yar dariya. Andrawus ya ce kunnensa na hagu ya daina ji sosai. Wani ya ce ranar Lahadi biyu a jere bai je coci ba. Job yana ji, yana ƙwanƙwasawa, yana jira.

Can Manga ya yi magana.

"Ke yarinya, ba ki gajiya, ni kuwa ina gajiya. A da cizon shinkafa ne aikina. Tun da kika zo bakinki ba ya rufuwa, kowa sai ya ɗauki buhu ya ba ki. Gwiwata ta mutu. Ban iya cewa yaron da na goya ya rage mini aiki ba."

Job ya yunƙura ya fito, kai duk dusa. "Haba Baba Manga! Da ka faɗa ai da tuni..."

Asta ta rufe kwanonta. Manga ya dube shi sama da ƙasa.

"Job, wa ya yi da kai? Ubanka shekara ashirin da takwas bai taɓa sa mana baki ba. Koma."

Vivian na bakin ƙofa ta toshe bakinta da littafi. Job ya durƙusa ya sake cusa kansa ƙarƙashin injin, ya lalubo sifanar.

Manga ya bari sai da ƙwanƙwasar ta dawo, sannan ya ci loma biyu.

"Kin gan shi, gaggawa, tun yana ƙarami. Ki gaya masa kayana sun riga sun tafi Lau, jikokina suna jira na. Asabar zan je. In an fara yankan shinkafa zan dawo in duba. In na tarar da benci a bakin ƙofa, inuwa na kansa, zan zauna in ciza masa har haƙoran su ƙare. In na tarar da buhu, motar da ta kawo ni ita za ta mayar da ni."