Cizon Kare a Dunduniyar Yero

Yero ya riga ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya danne wuyan maraƙin da gwiwa yana shirin zura hannu cikin bakinsa, sai ga Daudu ya shigo rugar a kan babur. Ko kafe babur ɗin bai tsaya yi ba, ya sake shi ya kwanta cikin ciyawa.

"Kai, Yero! Janye hannunka!"

"To, sarkin gaggawa ya iso," in ji Yero. "Ko sallama babu? Leda ya haɗiye ta tsaya masa a maƙogwaro. Tun shekaranjiya bai sha ruwa ba."

Daudu dillalin shanu ne a kasuwar Batsari, ya haura sittin, kuma taubashin Yero ne, don uwarsa ƙanwar uban Yero ce. Bai yi boko ba. Amma kafin ya kama dillanci ya yi shekaru yana ɗaukar wa malaman dabbobi akwatin allura daga ruga zuwa ruga, kuma shi mutum ne da in ya ga abu sau ɗaya ya zauna masa. Ya tsuguna daga nesa ya dubi maraƙin. Miyau na zuba daga bakinsa kamar igiya, kukansa ya dushe, ƙafafun baya suna rawa.

"Baƙin karen nan naku, ina yake?"

"Mun kashe shi, sati uku ke nan. Ya lalace, har turke yake ci."

"Wa da wa ya ciza?"

Yero ya yi kamar bai ji ba. Matarsa Asta, da ke bakin bukka tana wanke ƙwarya, ita ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ya ciji maraƙin a hanci. Ya ciji mai gida a dunduniya. Rana ɗaya."

Yero ya harare ta, sannan ya zare takalmin roba ya ɗaga ƙafa. Tabo biyu ne ƙanana, sun bushe sarai. Ya ce yadda kakanni suke yi haka suka yi: aka yanki gashin karen aka ƙona, aka kwaɓa tokar da man shanu aka shafa. Kwana bakwai ciwon ya rufe. Har wani mai kemis a Wagini ya ƙara masa da kafso ja da baƙi.

Daudu ya ƙura wa tabon ido. Ya tuna wani magidanci da ya taɓa gani ɗaure da igiya a bayan mota, ana miƙa masa kofin ruwa yana ihu kamar an nuna masa wuta. Shi ma ciwonsa ya daɗe da rufewa.

"Babu wata leda a wuyan maraƙin nan," in ji shi. "Haukan karen ne ya taso masa. A ɗaure shi da igiya biyu a gindin aduwar can, kada wanda ya kusance shi, kada kuma a yanka a kai wa mahauta. Kai kuma hau mashin."

"In hau in je ina? In bar wa wa shanun, a wannan zamanin? Sannan gobe a ce Yero ya ruga asibiti don kare ya taɓa shi?"

"Ƙannenka biyu suna nan, su ba maza ba ne? Amma zauna abinka. Ni taubashinka ne, ni zan yi maka wanka. In na gama sai in tsaya tsakiyar kara ranar kasuwa in faɗa wa kowa abin da ya kashe ka. Mutumin da ya yi sharo sau uku bai motsa gira ba, ashe tsinken allura yake tsoro."

"Ni? Tsoron allura?"

"Tun muna yara na sani. Ɓoye maka kawai nake."

Asta ta sunkuyar da kai cikin ƙwarya. Yero ya mayar da takalminsa, ya faɗi wata magana da Fillanci wadda ba ta maimaituwa, ya hau bayan babur.

A wani ɗan asibiti cikin Batsari suka sami Malama Ramlat, ma'aikaciyar jinya da aka turo daga Katsina. Ta saurari Daudu har ƙarshe, ta duba dunduniyar, ta tambayi Yero ko wurin na yi masa ƙaiƙayi ko tsikari, ko ruwa na yi masa wuyar haɗiya. Ya ce lafiyarsa lau, ga ciwo ma ya warke.

"Fata ce ta warke, Baba," in ji ta. "Abin da ke cikin yawun mahaukacin kare bairos ake ce masa. Ya fi ƙarfin ido, kuma shi kaɗai ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa. Sai ya shiga naman jikin mutum ya sa shi ya riƙa ƙera masa irinsa. Kafso ba ya taɓa shi. Wannan kuma ba jini yake bi ba, jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa yake kamawa, yana hawa kaɗan-kaɗan kullum. Maraƙinku a hanci aka cije shi, tafiyar gajera ce, shi ya sa ya riga ka. Kai daga dunduniya ya taso."

"Yanzu yana ina?" in ji Daudu.

"Allah kaɗai ya sani. Ba zan ɓoye muku ba, kun yi jinkiri ƙwarai. Amma tunda babu alama, allura na iya koya wa jiki ya gane shi ya tare shi a hanya. In ya kai kai, ba ni da abin yi, likitan Katsina ma ba shi da shi."

Yero ya kalli ƙafarsa kamar ta wani. Sai dai allurar babu ita a firjin Malama Ramlat, ta ƙarshe an yi wa wata mata ranar Litinin. Ta buga waya nan, ta buga can, a ta uku ta sami wani abokin aikinta a Safana, Malam Bashir, ya ce yana da ita.

Da suka fito, Yero ya gyara hularsa ya ce, "To, mun yi namu. Allah bai nufa ba. Mu koma."

"Allah ya nufa, a Safana ya ajiye maka."

"Yau kasuwa, Daudu. Mutanenka na jiran ka a kara."

"Su jira. Shanu ba su ƙarewa a duniya. Wawan taubashi kuwa ɗaya gare ni."

Hanyar ba ta yi musu da daɗi ba. Damina ta zauna, gero ya kai ƙirji, ruwan daren jiya ya cinye gefen titi a wurare da dama. A wani shinge 'yan sintiri suka tsayar da su, suka daɗe suna duban Yero da hularsa. Daudu ya sauka ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya gano uban ɗayansu ya taɓa sayen bijimi a hannunsa, ya tambayi lafiyar tsohon da ta bijimin, har aka ɗaga musu itace ana dariya. Gaba kaɗan tayar baya ta sace. Suka tura babur zuwa wurin mai faci, Daudu na haki, gwiwarsa mai ciwo na ƙara. Bai yi maganar komawa ba, Yero ma bai sake yi ba.

Ana kiran la'asar suka shiga Safana. Malam Bashir ya ciro 'yar kwalba daga firji, ya zuƙe, ya soka wa Yero a dantse. Yero ya ƙura wa Daudu ido har aka zare allurar.

"Ka ga na motsa?"

"Na ga gemunka na rawa."

Malam Bashir ya rubuta ranaku a kati ya ce saura uku, kada a tsallake ko ɗaya. Ya ce zai sanar da malamin dabbobi a je a ɗauke maraƙin. Sannan ya ƙara da cewa, "Ku yi hankali da yawunsa. Ba sai da cizo ba. In ya taɓa inda fata ta tsage, ko ido, ko baki, ya sami ƙofa."

Daudu ya karɓi katin ya sa a aljihu, ya yi godiya ya nufi waje. Sai ya ga Yero bai tashi daga benci ba.

"Malam," in ji Yero a hankali, "kaushi fa? Irin wanda ke fashewa a hannun mata?"

"In ya fashe har yana jini, ƙofa ce. Me ya faru?"

"Uwar Nusaiba, mai ɗakina. Kwana biyu ita ke buɗe bakinsa tana ɗura masa ruwan kanwa. Ni na ce ta yi."

Malam Bashir ya koma ya buɗe firjin ya leƙa.

"Akwai," in ji shi. "Ku kira gida yanzu ta wanke hannu da sabulu, ta daɗe tana wankewa. Sannan ku kawo ta. Gidana na bayan nan, ko na tashi a aiko."

Kafin Daudu ya gama lalubo lambar ƙanen Yero a waya, Yero ya riga ya fita, ya ture babur daga inda aka kafe shi ya juya shi wajen hanya, yana riƙe da shi.

"Yanzu kuma kai ne sarkin gaggawa?" in ji Daudu.

Tun suna yara Yero bai taɓa barin tsiyar Daudu ta wuce bai rama ba. Wannan karon ko kallonsa bai yi ba.

"Tada shi," ya ce. "Ka yi wayar muna tafiya."