Daren da Randa ta Fita Shan Iska

Daren jiya zafin bazara ya hana ni sakat, da ƙyar barci ya sace ni, sai na yi wani mafarki. Na gan ni a layin 'yan yadi, inda shagonmu yake, bayan sallar isha'i. Fitilu duk a kunne, ko ƙiftawa ba sa yi, kuma babu ƙarar janareto ko ɗaya. Tun daga nan ya kamata in gane mafarki ne, amma ban gane ba.

Mutum-mutumin nan da muke sa wa kaya a bakin shaguna duk sun sauko. Sun baza tabarmi a tsakiyar titi, sun yaye gyale, suna fifita da mafici. Wata mai leshi ruwan goro, wadda ko kai ba ta da shi, ita ta fi kowa surutu. Na yi sallama, suka amsa, suka ce yaya zafi. Na ce lokacinsa ne.

A ƙofar shagonmu na tarar da mahaifina, Baba Cindo, zaune kan bencinsa da tef ɗin awo a wuya. Shekara guda ke nan da rasuwarsa, amma abin bai ɗaure mini kai ba, daɗi kawai na ji. Na durƙusa na gaishe shi.

"Sallau, ina randa?" ya ce.

Shekara talatin Baba yana ajiye randa a ƙofar shagon nan duk bazara, da moɗa a kan murfi, ɗan dako ya sha, alhaji ya sha. Da shagon ya dawo hannuna sai na kife ta a baya, na kafa firij a gurbinta, wai ni wayayye. Firij ɗin kuwa tun da ya zo bai taɓa kwana da wuta ba.

"Ta ɗan fita ne, Baba," na ce.

"To nemo ta. Ƙishirwa nake ji, kuma da an kira assalatu zan koma."

Sai ga ni a mahaɗar titi. Wani bunsuru da hular ma'aikata yana ba da hannu, kankana na gangarawa a jere, kowace tana jiran a ba ta hanya. Can gefe mai tsire na kwance a kan tire, tsinkayen nama sun kewaye shi suna yi masa fifita. Na tambayi bunsurun ko ya ga randa.

"Mai ɗan tsagu a baki? Ta wuce tun ɗazu," ya ce. "Ta saɓa hannu ma, amma na ƙyale ta saboda shekarunta."

Na same ta a layin 'yan takalma, tana gwada silifa. Da ta gan ni sai ta kau da baki gefe.

"Alhaji mai firij, yau kai ne da kanka?"

"Ki yi haƙuri. Baba ne ya zo, ruwa yake so."

"Don shi zan koma, ba don kai ba. Amma ka ga a bushe nake."

Ba ta rufe baki ba ruwa ya tsinke, daga kwalta yake tashi yana tafiya sama. Mutane suka juya lemominsu suka tsaya a ciki. Ni kuwa na gyara wa randa zama, na buɗe murfi, ina ta jira. Ko ɗigo bai shiga ba.

"Kife ni mana," ta ce. "Ai ka ƙware."

Kunya ta kama ni, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira, ni ban yi nisan ba tukuna. Na kife ta, na ɗaga sama, na ji tana cika har ta yi nauyi. Da ruwan ya ɗauke na juyo ta, na aza a ka, muka kama hanya tana yi mini kwatancen shagona.

Baba ya shafa cikinta, ya ɗebo moɗa guda. Sai ya miƙa wa mai leshi ruwan goro. Ya ɗebo, ya ba bunsuru. Ya ba mai tsire, ya ba wasu 'yan dako da ban san daga inda suka ɓullo ba. Can na ji ladan yana gyaran murya.

"Baba, ka sha mana, lokaci zai ƙure."

"Mai randa shi ke shan ƙarshe," ya ce.

Sai da layin ya ƙare ya kankare ɗan abin da ya rage a gindi, ya yi bisimilla, ya sha a hankali. Ya ce Alhamdu lillahi, ta yi sanyi. Ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba. Ya ƙwanƙwasa moɗar a bakin randa sau uku, ya damƙa mini ita, ya ce in riƙe.

Ƙwanƙwasar ba ta tsaya ba. Na buɗe ido, ashe mai ruwa ne a lungunmu yake buga jarka da ƙarfen kurarsa. Hannuna a dunƙule yake, babu komai a ciki. Matata Lantana ta leƙo ta ce jarka nawa za a karɓa.

Na ce ta gaya masa ya jira ni, shago za mu je.